Wa Ya Ci Wutsiyar Kifin Alhaji?

A birnin Palembang na tsibirin Sumatra, can bakin kogin Musi, an yi wani Alhaji attajiri da ya gina sabon gida, ya sa aka kafa masa akwatin gilashi cike da ruwa a falon baƙi. Cikin kifayen adon da aka kawo masa akwai ɗan ƙaramin nan da mutanen Indonesiya ke kira kifin Sumatra: jiki ruwan zinare, ratsi huɗu baƙaƙe sun sauko daga gadon baya zuwa ciki, na farko ya bi ta kan ido, bakin fiffike ja wur. Ko ya gama girma da kyar yake kai santimita 7. Wani likitan sojan Holan, Pieter Bleeker, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1855.

Mai sayarwa ya ce a ɗauki goma sha biyu, don kifi ne mai yawo a garke. Alhaji ya ce biyar sun isa. Ragowar kuɗin ya zuba su kan wani babban kifi ɗan asalin kogin Amazon, mai dogayen fikafikai da yake ja a hankali kamar basarake cikin alkyabba. Shi ne abin nuna wa baƙi.

Ba a yi mako ba aka wayi gari wutsiyar babban ta yi kaca-kaca. Alhaji ya tsaya ya ga ƙananan na binsa suna yagar gefen fiffikensa. Ya ƙwala wa yaron da ke canza ruwan kira.

Yaron ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ba mugunta ba ce. In suna da yawa junansu suke kora, su yi ta neman na gaba a tsakaninsu, ba su da lokacin wani. In sun yi kaɗan kuma wuri ya ƙuntata, sai su rasa abin yi su faɗa wa maƙwabci. A ƙaro su, a dasa ciyawar ruwa, babban kuma a ba shi nasa akwatin."

"In ƙaro masu ɓarna?" in ji Alhaji. "Miƙo mini raga."

Ya nuna wanda ya fi zafin nama, aka tsamo shi aka jefa a bokiti. Baƙin da ke zaune suka yi ta jinjina masa, wai maigida ba ya wasa da horo. Babu wanda ya tambayi dalilin cizon, kuma wannan shirun nasu ya fi ba ni takaici, domin cikinsu akwai masu kiwon kifi da suka san gaskiyar yaron sarai, amma shayin Alhaji na hannunsu.

Saura huɗu, cizo ya ƙaru. Aka tsamo wani. Saura uku, suka daina ko kallon juna, daga safe har dare babban suke bi. Kullum Alhaji sai ya gano sabon shugaban 'yan ta'adi, kullum sai an yi masa kirari. Da suka rage biyu, mai ƙarfin ya tasa ɗan'uwansa gaba har ya laɓe bayan injin tace ruwa ya daina cin abinci. Shi kuwa babban, raunukansa suka yi farin gansakuka, ya koma kusurwa yana numfashi da kyar.

Yaron ya sake yin ƙarfin hali ya ce, "Alhaji, har yanzu in aka raba su zai iya tashi."

Alhaji bai tanka ba. Ranar Juma'a babban kifin ya taso saman ruwa, ciki a sama. Bayan sallar La'asar Alhaji ya kira yaron a gaban mutane, ya ƙirga masa kuɗin watansa, ya ce ya kwashe kayansa, tunda ɗan kifin da bai kai yatsa ba ma ya gagare shi tsarewa.