Baba, Ɗan Matsa Kaɗan

Akwai wani kaɗa hannu da babu makarantar da ke koyar da shi, amma duk mai ɗaukar hoton biki a ƙasar nan ya haddace shi. Ido ɗaya a manne da kyamara, ɗayan a runtse, hannun hagu kuwa yana fifita iska gefe, irin yadda tsohuwa ke korar kaji daga shanyar gero. Wanda ake yi wa wannan fifita magidanci ne mai iyali, ya gama wahalar mako, ya sayi gyaɗar ɗari biyu, ya nemi benci a gindin bishiya don ya huta da hayaniyar duniya. In an darajanta shi ƙwarai, sai a haɗa masa da magana: "Baba, ɗan matsa kaɗan." Ko arba'in bai cika ba, amma daga ranar ya zama Baba. Ni ɗan wannan jama'a ne ta masu zaman benci, kuma da yawunsu nake magana, ko da yake ba su zaɓe ni ba, don ba a taɓa barinmu mun zauna wuri ɗaya har a kai ga kaɗa ƙuri'a ba. Ƙorafin namu bai da yawa. Mai hoto a wurin shaƙatawar jama'a aro ya zo yi, mai aro kuwa da sallama yake shiga gida.

A ɗauki lambun Milleniyom da ke Maitama a Abuja, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a watan Disamba na 2003, lokacin da ta zo taron ƙasashen renon Ingila a zamanin Obasanjo. Wani Ba'italiye mai zanen gine-gine, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara shi a kan fili mai faɗin kusan hekta 32, rafi ya raba shi biyu. Mai hankali zai ce fili irin wannan ya ishi amare ɗari da angwayensu, har da 'yan rakiya, ba tare da wani ya taka wa wani ƙafa ba. To ai mai hoto ba hekta yake nema ba. Miƙaƙƙiyar hanyar nan mai maɓuɓɓugan ruwa yake so, da bishiyar da ta fi kowace inuwa, da gefen gadar da bayanta ya fi kore. Su ne kuma wuraren da mai zanen ya ƙawata don mutane su zauna. Haka abin yake a bakin tafkin Jabi, haka a lambun Gamji na Kaduna, inda tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru take ɗaukar nauyin masoyan da wanda ya ƙera ta bai taɓa mafarkinsu ba. Duk inda ido ya ce nan ne, kyamara ma nan ta ce.

Amma asalin mai haɗa faɗan, in za a yi adalci, rana ce. Da tsakar rana haske daga bisa yake dukan mutum, ya zuba masa inuwa a ƙarƙashin ido da hanci, amarya ta fito kamar wadda ta kwana uku tana jinya, ga zufa tana narkar da kwalliyar da aka biya kuɗi masu ciwo. Sai rana ta karkata, bayan la'asar sakaliya, hasken ya yi laushi ya yi ja-ja, shadda ta ɗauki ido, fata ta yi sumul. Wannan sa'a guda ita ce jarin mai hoto. Mu kuma a nan kusa muke da tsakiyar duniya, ranarmu ba ta jan ƙafa. A Abuja ko Kano tana faɗuwa tsakanin wajen shida da bakwai duk shekara, kuma da ta nutse, kafin mutum ya gama alwala duhu ya kawo kai. Ba kamar Landan ba, inda a tsakiyar bazararsu rana kan wuce tara na dare tana sallama kamar baƙon da ba ya son tafiya. Saboda haka mai hoton namu da agogo yake kokawa, ga shi amarya ta makara da awa biyu a wajen mai kwalliya. Sai dai sa'ar nan da yake kira tasa ita ce kaɗai sa'ar da ɗan Adam zai iya zama a waje ba tare da ya soyu ba. Rana ɗaya ce ta gayyato mu duka, ba ta kuma ce wa kowa shi ne babban baƙo ba.

Yadda wahalar mai zaman benci ke tafiya sananne ne, kamar karatun allo. An ce ya matsa, ya matsa. Bai san cewa ya fita daga hoton farko ya faɗa cikin na biyu ba, don a bayan waccan bishiyar akwai wata tawagar, ƙawaye goma sha biyu cikin anko ruwan hoda suna jiran a ce su yi dariyar ƙarya. Nan ma aka fifita shi. Ya ja da baya, ya taka jelar rigar amarya, wadda aka shimfiɗa a kan ciyawa tsawon kamu shida, wata ƙawa ta yi salati kamar an taka Alƙur'ani. Kunya ta sa ya tsaya ba da haƙuri, tsayuwar nan kuwa ita ce kuskurensa, don duk wanda ya tsaya kusa da tawagar hoto hannu rabbana, ma'aikaci ne. Yaron mai hoto ya tafi neman ruwan leda, sai a miƙa masa faifan nan mai ƙyalli da ake mayar da haske da shi: "Alhaji, don Allah ɗan riƙe, ɗaga sama, a'a, karkato, yauwa, kar ka motsa." Kafin ya farga an rataya masa jakar amarya a kafaɗa, takalmanta masu tsini a ɗaya hannun, ɗan ƙaramin jirgin nan mai kyamara yana shawagi a kan hularsa yana kuka kamar zirnaƙo. Mutumin da ya fito hutu ya koma ɗan dako, ba lada ba la'ada, ko katin gayyata ba a ba shi ba. Bencin nasa kuwa, in ya waiga, abokan ango sun jera a kai suna cin sauran gyaɗarsa.

Da can ba haka abin yake ba, kuma dalilin a cikin kyamarar yake. A zamanin fim, nadi ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kowane kuma sai an biya kuɗin wanki. Mai hoto yakan auna kafin ya danna, ango ya ƙame kamar soja, a yi ƙyas biyu a tashi. Yawanci ma a situdiyo ake yi, gaban labulen da aka zana wa bene da teku, da tukunyar furen roba a gefe, babu wanda aka tasa daga ko'ina. Yanzu ɗan katin da bai kai farcen babban yatsa ba yana haɗiye hotuna dubbai, dannawa ta zama kyauta, abin da ya zama kyauta kuwa ba a yi masa awo. Daga 2010 da Instagram ya bayyana, hoton biki ya tashi daga na ajiya a cikin akwati ya koma na gasa, har aka shiga yayin hoton kafin aure, mai canjin kaya uku: na gargajiya, na turawa, da riguna iri ɗaya masu rubutu a ƙirji. Motar da aka faka a bakin lambu ta zama ɗakin canji. Abin da dā ake gamawa kafin shayi ya huce, yau sai ya cinye yamma sukutum.

Za a ce mini ba ni da tausayi, aure sau ɗaya ne a rayuwa, zaman benci kuwa kullum ne. Sau ɗayan nan dai, a ƙasar da namiji ke da gurbi huɗu, magana ce da sai an yi mata gyara, amma bari in bar ta haka. Na yarda ranar ta amarya babba ce, na kuma yarda mai hoto abincinsa yake nema, yana da haya da kuɗin makarantar yara, kyamarar ma wataƙila bai gama biyan bashinta ba. Duk wannan hujja ce ta a yi masa alfarma, kuma muna yi. Inda lissafin ya karkace shi ne, sau ɗayan na amarya ne, ba na lambu ba. Ga ita yau, gobe wata, ranar Asabar ta watan Disamba kuwa sai a ga tawaga biyar a layi kamar masu jiran mai. In kowace ta karɓi "sau ɗaya" nata, mai zaman benci ya rasa yammacinsa har abada, a hannun mutanen da kowannensu yake ganin minti goma kawai ya nema.

Abin haushin shi ne, ba sai mun aro wa kanmu ladabin wannan al'amari daga wata ƙasa ba. Kowane yaro a nan ya san ba a gifta gaban mai salla. Amma mai sallar ma an koya masa nasa: ya kafa sutura, ya ɗauki iya wurin sujadarsa, kada ya tayar da kabbara a bakin ƙofa ya tare wa jama'a hanya. Ibada ke nan, wadda ta fi kowane hoto, ga ta da iyaka. Ɗan dako a Kantin Kwari, da dila a kansa wadda ta fi shi nauyi, ba ya ture mutum, "gafara dai" yake cewa, a kauce masa, ya wuce, hanya ta koma ta kowa. Mai hoto ya fi ɗan dako sauƙin kaya, bakinsa kuma ba a ɗaure yake ba. Ya sauke kyamarar daga fuska, ya tako da ƙafarsa, ya yi sallama, ya ce minti biyar yake roƙo, sannan minti biyar ɗin su zama biyar na agogo. Wanda ya riga zama, in ya ce ba zai tashi ba, bai yi laifi ba, ko da ya yi rowa. Ban san Bahaushen da za a yi wa sallama a ce masa ga amarya tana neman alfarma ya ƙi ba. Har addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba zai bi su da ita, ya riƙe faifan ma da murna, tunda tambayarsa aka yi.

Wasu na ganin maganin shi ne kuɗi: a yanka wa masu hoto tikiti, kamar yadda lambunan sarauta na Landan ke neman mai ɗaukar hoton sana'a ya nemi izini ya biya. Akwai hikima a ciki, in iznin ya faɗi wuri ya faɗi lokaci. Tsorona halinmu ne da rasit. Mutumin da ke korar jama'a da hannu alhali bai biya ko sisi ba, ranar da ya riƙe takarda mai hatimi, da sanda zai zo. "Na biya" a bakinmu ba ta da nisa da "na saya". Kuɗin gyaran ciyawa ne da kwashe shara, bai sayi inuwar da wani ya riga shiga ba. Masu cewa a hana abin ɗungurungum kuwa, don hoton kafin aure ba tarbiyyarmu ba ce, wannan zance ne na malamai da iyaye, kuma yana da wurinsa. Ni dai na san ba zai dawo mini da benci ba. In an ɗaura aure za su zo, masu kammala digiri za su zo da hulunansu masu tunku, ga masu murnar zagayowar haihuwa da balan-balan.

Mu ma, in gaskiya za a bi, ba waliyyai ba ne. A cikinmu akwai mai zagayawa bayan mai hoto ya zaro wayarsa yana ɗaukar matar mutane, ita kuma ta rasa idon da za ta kalla, hoto ya fito tana harare-harare. Akwai mai ba da shawarar da ba a nema ba, "ango ka saki fuska mana, ai ba kotu ba ce". Akwai mai sakin yaransa da alawar da ta narke a hannu su nufi farar riga. Akwai kuma wanda zai ga an saita kyamara, ga hanya a bayan mai hoto fetal, amma sai ya ratsa ta gaba a hankali, yana tafiyar hawainiya don ya nuna shi ma ɗan ƙasa ne. Wannan ba ya cikin waɗanda nake karewa. A bi ta bayan mai kyamara, a kau da kai daga amarya, in za a yi magana a ce Allah ya sa alheri a wuce.

Wani abokin gardama zai ce to me ya sa ma ake korar kowa, tunda a kwamfuta ake share ƙurajen ango, a rage masa tumbi, a ƙara wa sama shuɗi, ai share mutum ɗaya da gyaɗarsa ba zai gagara ba. Mai hoto zai amsa cewa share mutum a hoto ɗaya wasa ne, a hoto ɗari biyu kuwa kwanan zaune ne, kuma yana da gaskiya. Sai dai rashin sharewar ma akwai tasa fitinar, kuma a kanmu take sauka. Hoton nan intanet za shi. Akwai matar da ba ta yarda baƙo ya ɗauki fuskarta ba, akwai dattijon da aka kama baki buɗe yana hamma a bayan masoya, dubban mutane suna yi masa dariya bai sani ba. Akwai kuma bawan Allah da ya ce wa uwargida ya tafi ta'aziyya Zariya, sai ga shi tas a kusurwar hoton wasu, a Maitama, yana miƙa wa wata tsire. Wannan na ƙarshen ba na neman masa afuwa, amma na tabbata shi kaɗai ne a tarihin lambun da zai so a ce tun farko an fifita shi da hannu.

Da an kira magariba dai rikicin kan mutu da kansa. Mai hoto ya duba bayan kyamararsa ya ce haske ya tafi, a naɗe faifai, a tattara jelar riga, ƙawaye su cire takalma su bi ciyawa da ƙafa zuwa mota. Benci ya dawo hannun mai shi, da ɓawon gyaɗa a kai da ƙamshin turaren wasu. Ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ja numfashi. Sauron Abuja, wanda shi ma tun la'asar yake jiran nasa lokacin, ba ya cewa kowa ya matsa.