Koko da Koko, Taubashiya, Suna Ne Ya Zo Ɗaya

Baiwata 'yar gwaggo. Kek ɗin da kika aiko mini ranar sunan autarki ya iso lafiya, haƙorana ne dai har yau suke jinya. Kin ce na cakulet ne. Da na bi diddigi, ashe Milo kika juye a kwaɓin, kika bi shi da sukari kofi biyu. Na ma gode Allah da ba ki ji an ce koko kin ɗauki kwano kin nufi gidan mai ƙosai ba.

To gyara zama in karantar da ke, aikin ubangida ke nan.

Kokon da ake nufi ɗan itace ne, asalinsa Kudancin Amurka, yau kuwa Kwaddibuwa da Gana ke noma fiye da rabin na duniya. Kusan rabin ƙwayarsa mai ne. In an gasa ta aka niƙa ba a sa mata komai ba, an sami cakulet na asali, mai ɗaci kamar maɗaci, wanda masu gashi ke nema don su auna sukarinsu da kansu. Baƙin da kike ganin an rubuta 70 a jikinsa, kashi 70 cikin ɗari koko ne, saura yawanci sukari. Mai madara ya fi zaƙi, ya fi saurin ƙonewa. Fari kuwa man koko ne da madara da sukari, babu garin ko kaɗan, kamar shayinki da ba ya ganin ganye.

Sai ɗan aro, wanda ya cika shagunan kayan kek. An cire masa man koko an sa man ƙwarar kwakwar manja. Ga araha, ga jure zafi, don man koko na gaskiya wajen digiri 34 yake narkewa, ranar Kano ta watan Afirilu kuwa ba ta san wasa ba. Yana da kyau a shafe saman kek, amma yana liƙe wa mutum a ganɗa kamar kyandir.

Kin san man kaɗanyar nan da kike shafa wa kaushinki? Dokar Tarayyar Turai ta 2000 ta yarda a sa irinsa a cakulet har kashi 5 cikin ɗari. Ina roƙonki, kada ki gwada da na kwalbarki.

In cakulet ya gagara, ga dabara: garin koko zalla babban cokali 3 da bota cokali 1 suna tsayawa a madadin giram 28 na mai ɗacin nan. Wurin narkar da cakulet kuwa, ɗora kwano kan tukunyar ruwan zafi, kada ɗigo ɗaya ya faɗa ciki, in ba haka ba ya cure ya zama dunƙule kamar tuwon da kika yi mana da Sallah. Milo da Bournvita kuwa na sha ne, sukari da madara da tsiron hatsi sun yi musu yawa, ki bar wa yara kayansu.

Watan Cika-ciki na tafe. Ki aiko da kek na gyaran hali kafin nan, ko kuwa kuɗin sharar bana ki ji labarinsu a bakin maƙwabta.