Ɗaki a Gefen Zaure Ya Fi Gona a Hannun Dillali

Yaya,

Da fatan an cire gero lafiya, dawa kuma ta yi kai. Labari ya iso ni cewa ana shawara a gida: ko a yanki gonar bakin titi a sayar wa dillalan filaye, ko a gina ɗakuna biyu a gefen zaure a zuba 'yan haya. Ni dai ɗakunan na zaɓa, kuma hujjata daga nan Kalifoniya zan ɗauko ta, inda mutum bai isa ya ɗora bulo a tsakar gidansa ba sai da takarda.

Ka shirya dariya. A nan idan kana son ƙaramin gida a harabar gidanka, doka ta ce ka bar ƙafa 4 tsakaninka da iyakar maƙwabci, girmansa kada ya wuce murabba'in ƙafa 1,200, sannan jami'i ya zo ya leƙa wayar lantarki da bututun ruwa kafin kowa ya shimfiɗa tabarma. Garuruwa da yawa sun hana ba da shi haya ta ƙasa da kwana 30, wato bafataken da ya zo cin kasuwa sai ya nemi otal. Amma tarihin abin ya fi dokar daɗi. Tun 1982 jihar ta halatta irin wannan gini, sai ƙananan hukumomi suka yi ta jibga sharuɗɗa: sai ka tanadi wurin ajiye mota, sai kai ma kana zaune a gidan, sai an saurari ƙorafin maƙwabta. Mutane suka haƙura, haya ta yi tashin gwauron zabi, har masu aikin yi suna kwana a mota. A 2016 majalisar jiha ta fara datse sharuɗɗan, ta ce wanda ke rabin mil daga tashar bas ba ruwansa da wurin mota, a 2019 ta ƙara: hukuma ta ba da amsa cikin kwana 60. Shekara talatin da ɗoriya suka yi kafin su gano abin da kowane tsoho a Ɗambatta ya sani, cewa idan gida ya cika ɗaki ake ƙarawa a ciki.

Mu kuwa mun fi su buƙatar wannan. Daga Ungogo zuwa Minjibir da Dawakin Tofa gona tana jingine da gona, ba a barin ƙasa ta huta, taki ne ke riƙe da ita, rabon gado kuma kullum ƙara tsinka ta yake yi. Wanda ya sayar, sau ɗaya zai ƙirga kuɗi, biki biyu da babur ɗaya su cinye. Ɗaki kuwa duk shekara yana kawo wani abu, geron ma yana nan. Masu nema ba su yi kaɗan ba: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu bautar ƙasa, da 'yan dakon da kasuwar Dawanau ke jawowa.

Na san abin da za ka ce, baƙo a gidan da akwai iyali. Gaskiya ne, amma magini ne zai warware wannan: ƙofa ta kalli waje, a yi masa bayinsa daban, taga a ɗaga ta sama yadda ido ba zai faɗa tsakar gida ba. Za ka kuma ce mu ba ma buƙatar takarda, mai unguwa ya san kowa. To, dokarmu da ba a rubuta ba ta yi aiki ne saboda mai kwana a ɗakin ɗa ne ko ƙane ko almajiri, wanda ana iya yi masa tsawa. Wanda ya biya kuɗin shekara ba ya jin tsawa, mai karɓar kuɗin kuma yakan ga kamar tsagar bango ba ta da gaggawa. A Satumba 2021 ambaliyar guguwar Ida ta kashe mutum 11 a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a birnin New York, akasarinsu ɗakunan haya ne marasa izini. Mu ma mun san abin da ruwan Agusta ke yi wa ginin ƙasa, da rigimar da indararo ke haifarwa idan yana zuba a katangar maƙwabci. Saboda haka a rubuta kaɗan a gaban mai unguwa da shaidu: nawa ne, zuwa yaushe, wa zai yi yaɓe, wata nawa ne wa'adin tashi.

Tsoron da na yarda da shi shi ne na masu rasit. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar karkara a hannun ƙaramar hukuma, kuma birni na ƙara matsowa da hukumar tsara birni, KNUPDA, a bayansa. Idan ranar ta zo, abin da za ku nema shi ne sharuɗɗan su zama 'yan kaɗan, amsa kuma ta zo da wa'adi.

Ka aiko min da awon filin gefen zauren da kuɗin bulo na yanzu. Na ce awo da farashi, Yaya, ban ce na ɗauki nauyin ginin ba. A gaida su Inna da yara.

Ƙaninka,
daga Los Anjalas