Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Uwar Garke, Sabar Ofishinmu

Ranki ya daɗe,

Ina fatan kina nan lafiya cikin sanyin ɗakin nan naki, sanyin da mu masu yi miki hidima ba ma samu a gidajenmu. Ina gaida zuri'arki baki ɗaya, tun daga Unix ɗin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a Bell Labs a 1969, har zuwa Linux ɗin da Linus Torvalds ya fitar a 1991, wanda shi ne ranki a yau. Gidan mutunci kika fito. Shi ya sa abin da kika yi mini daren jiya ya tsaya mini a maƙoshi.

Tsakar dare waya ta tashe ni, wai shafin ofis ya mutu. Na shigo wurinki ta ssh, ido ɗaya a rufe, na tambaye ki ko lafiya. Kika ce babu sauran wuri a faifai, kuskure mai lamba 28. Na ce to, da sauƙi, wani fayil ɗin log ne ya kumbura. Na buga df -h. Kika nuna mini cewa fiye da rabin /var fili ne fetal. Na ce bari in gwada ki da touch, in ƙirƙiri fayil ɗin da ko harafi ɗaya babu a cikinsa. Kika ce babu wuri. Hajiya, da baki ɗaya kika faɗi maganganun nan biyu, ko kunya ba ki ji ba.

Sai da na yi ta lalube kafin na buga df -i, nan ne fa kika fito da gaskiya: inode sun ƙare, ɗari bisa ɗari. Kowane fayil, komai ƙanƙantarsa, sai ya ci inode guda, inda ake rubuta mai shi da izininsa da wurin da bayanansa suke kwance. Ke nan mota ce da sauran kujeru, amma kwandasta ya ce takardun tikiti sun ƙare, kowa ya sauka. Abin haushi, a tsarin ext4 tun ranar da aka tsara faifan ake yanke adadinsu, bisa al'ada inode ɗaya ga kowane bait 16,384. Ɓangare mai gigabait 10 irin namu rabonsa 655,360 ne, daga nan sai dai a faɗaɗa shi ko a sake tsara shi daga tushe. Duk wannan kin san shi. Kalma ɗaya ce za ki ƙara a saƙonki, ki ce inode ne, da na koma barci da wuri. Amma ina! Lamba ɗaya kika ba cututtuka biyu, kika bar likita ya yi duba.

Wa ya cinye su kuma? Nan ne na kusa jifa da kwamfuta. Wanda ya riga ni zama a kujerar nan, Allah ya ba shi lafiya inda yake, ya bar wani ɗan aiki a cron da ke gudu kowane minti, yana tofa layi ɗaya. Shi kuma cron, ɗan biyayya, duk abin da aiki ya tofa sai ya naɗe shi a wasiƙa ya aika wa root. Postfix da zai kai wasiƙun a kashe yake. Sai suka yi ta taruwa a /var/spool/postfix/maildrop, guda 1,440 a kowace rana ta Allah, sama da dubu 500 a shekara. Wasiƙun da babu wanda ya karanta, zuwa ga mutumin da ba ya duba akwatinsa, su suka shaƙe ki. Kina kallo suna shigowa ɗaya bayan ɗaya fiye da shekara, ko tari ba ki yi ba. An ce a gidanku shiru alama ce ta lafiya. Wallahi wannan shirun naki mugunta ce.

Ko da na zo shara ma ba ki bar ni na huta ba. Na ce ls, kika tsaya kina jera sunaye kamar ba gobe. Na ce rm da tauraro, kika ce jerin ya yi miki tsawo. Ke kika tara su, ke kuma kike ƙorafin yawansu? Sai da na ɗauko find da -delete, ya bi su ɗai-ɗai, har ladan ya kira assalatu.

Tunda na buɗe baki, bari in ƙarasa. Ranar da ƙwaƙwalwarki ta cika, mai kisan nan naki na OOM ya tsallake kowa ya yanka rumbun bayanai, don shi ya fi ƙiba. Na gyara /etc/resolv.conf da hannuna, kina farkawa kika shafe. Katin sadarwar da muka sani da eth0 kika raɗa masa enp3s0, ba goro ba sanarwa. Faifan da ya mutu kwanaki kuwa, SMART na ta rantsuwa lafiyarsa ƙalau har ranar jana'izarsa.

Da safe Oga ya leƙo, ya ce me ya hana ni kashe ki in kunna. Ban amsa ba, don na san da na yi hakan da kin tashi da cikinki a cike kamar yadda kika kwanta.

Ga hukuncina. Na rufe bakin cron da MAILTO fanko, na kuma sa ƙararrawa a kan inode ɗinki, ba a kan fili kaɗai ba. Ranar da aka kawo sabon faifai, XFS zan ɗora miki, shi da yake ƙirƙirar inode gwargwadon buƙata. In kuma kina da wani ciwon da kike ɓoyewa, don girman Allah ki faɗe shi da rana, ranar aiki, ba daren Asabar ba.

Naki, ba don yana so ba,
Mai riƙe da kalmar sirrin root