Nazari a Kan Akawun da Ya Nufi Potiskum a Jirgin Ƙasa

Masana harkar sufuri sun kasa tafiyar ma'aikaci zuwa wurin aikinsa kashi uku, wato fitarsa daga gida zuwa tasha, da zamansa a cikin abin hawa, da kuma abin da suke kira ƙarashen tafiya, wanda shi ne tazarar da ke tsakanin tashar da aka sauke shi da ƙofar ofishinsa. A manyan birane irin su Landan da Tokyo, wannan kashi na uku ba ya wuce abin da keke ko bas ko ƙafa za su cinye kafin shayi ya huce, amma a Potiskum ta Jihar Yobe lamarin ya sha bamban, domin wanda ya zaɓi jirgin ƙasa zai tarar cewa ƙarashen tafiyar tasa ya kusa kai tsawon tafiyar kanta, a kuɗi kuma ya ninka ta.

Dalilin hakan yana cikin tarihin shimfiɗa layin dogo, wato hanyar ƙarfe da jirgin ƙasa yake bi. Layin ya iso Kano a 1911, sannan Turawan mulkin mallaka suka miƙa reshensa mai tsawon kimanin kilomita 230 ta Ringim da Malam Madori har Nguru, inda ya tsaya a 1930, saboda gyaɗa da fatu da dabbobin da ake son kwasowa zuwa bakin teku. Reshe na biyu, wanda ya taso daga Kuru kusa da Jos, ya ratsa Bauchi da Gombe da Buni Yadi ya isa Maiduguri a 1964. Ɗaya ya bi ta arewa, ɗaya ya bi ta kudu, aka bar Potiskum a tsakiya tana jin labarin jirgi a bakin fatake. Mutanen garin ba su tsaya kuka ba, sai suka rungumi manyan motoci, har garin ya yi suna da yawan tireloli da kuma kasuwar shanu da ke ci ranar Laraba, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma.

Duk wannan bayani bai isa kunnen wani akawu mutumin Kano ba, wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Potiskum a wani lokaci da jirgin Nguru yake zirga-zirga, aka kuma umarce shi da ya bayyana a ofis ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe. Hanyar da kowa yake bi sananniya ce, ta Wudil da Azare, kimanin kilomita 300, wadda mai tashi bayan asuba yake gamawa kafin azahar. Sai dai akawun mutum ne mai son lissafi, wanda ya gwada kuɗin mota da kuɗin tikitin jirgi ya ga rata mai faranta rai, sannan ya buɗe taswira ya ga Nguru a Yobe take, Potiskum ma a Yobe take, ya auna tsakaninsu da yatsa ya ga bai kai gaɓa biyu ba. Maƙwabcinsa ya tunatar da shi cewa araha ba ta ado, shi kuwa ya amsa cewa ba ado zai je yi ba, aiki zai je kamawa.

Adalci ya wajabta a faɗa cewa jirgin bai ci amanarsa ba, domin Nguru ya yi alkawarin kai shi, kuma Nguru ya kai shi a daren Lahadi, da farar shaddarsa da jakar takardunsa da kwalbar turarensa. Matsalar ta fara ne lokacin da ya tari wani mai shayi a bakin tasha ya tambaye shi ta ina ake yankewa a ƙafa zuwa Potiskum. Mai shayin ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya zuba masa shayi ba tare da ya nema ba, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, zauna tukuna ka sha wannan, maganar ba ta tsaye ba ce." A nan ne akawun ya samu labarin cewa gaɓa biyun yatsan nan sun haura kilomita 200, kuma sai an bi ta Gashuwa da Jakusko.

Da gari ya waye ya nufi tashar mota, inda ya haɗu da ɗan kamasho, wato mutumin da aikinsa shi ne kiran fasinja da karɓar kuɗi da cusa mutane a mota, ana ba shi wani kaso a kan kowace motar da ta cika. Kalmar da ta fi yawa a bakin ɗan kamasho ita ce "saura mutum ɗaya", wadda baƙo yake ɗauka a matsayin ƙidaya, alhali a wurin masu sana'ar kirari ce kawai da ba ta da alaƙa da adadin kujerun da suka rage. Akawun ya leƙa ya ga mota ta kusa cika, ya biya kuɗin gidan gaba domin kare gugar rigarsa, sai ga shi waɗanda ya gani a zaune suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, domin 'yan cikon ido ne da ake zaunarwa don su jawo irinsa. Ƙarfe takwas ɗin da aka ɗiba masa ta same shi a zaune a motar da ba a ma tayar da injinta ba, kuma da aka zo tashi bayan azahar, ya gano cewa gidan gaba na mutum biyu ne, abokin zamansa kuwa mai sayar da bandar kifi ne da ya ƙi yarda a sa kwalinsa a but.

Bai kamata a tsawaita bayanin faci da aka tsaya yi a hanya ba, ko turin motar da aka nemi duk wani namiji mai lafiya ya sa hannu a ciki, ya isa a ce ya shiga Gashuwa bayan magariba, motocin Potiskum sun riga sun tashi, ya kwana a kan bencin mai shayi na biyu. Ranar Talata kuma lissafi ya juya masa baya, domin ribar da ya ci a tikiti ta tafi a shayi da burodi da kuɗin gidan gaba, abin da ya rage a aljihunsa bai kai kuɗin kujera ba, balle shata, wato ɗaukar mota sukutum don mutum ɗaya. Ya yi ƙoƙarin bayyana wa direbobi cewa shi ma'aikacin gwamnati ne mai mataki, suka nuna masa cewa mota mai take sha, ba ta shan mataki.

Mafita ta zo da la'asar ta hannun wani falke da ke loda shanu a Kanta, wato matsakaiciyar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, zai kai su kasuwar Laraba. Falken ya tausaya masa ya ce, "Malam, gaba ta cika, amma idan za ka iya sama, bismilla." Sama a nan tana nufin katakan da ake gittawa a kan bodin mota, inda yaran shanu suke zama suna lura da dabbobin, domin idan saniya ta kwanta a cikin cunkoso 'yan uwanta za su tattake ta, sai an yi maza an ja wutsiyarta an tashe ta. Akawun ya hau da niyyar zama fasinja, amma kafin a wuce Jakusko an riga an damƙa masa sanda da tocila, an kuma ɗora masa alhakin wani bijimi mai dogon ƙaho da ya ƙudiri aniyar kwanciya a kowane rami. Shaidu sun tabbatar cewa ya yi aikin da himma, kuma bijimin ya saka masa da abin da shanu suka saba sakawa, a kan shadda da jaka baki ɗaya.

Da asubar Laraba aka sauke shi a kasuwar shanu, inda wani dillali, wato mai shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa don samun la'ada, ya kama hannunsa ya tambaye shi nawa zai sallama bijimin. Daga nan ya nemi Keke Napep, babur mai ƙafa uku da ya samo sunansa daga shirin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya na 2001, sai dai direbobi suna rage gudu su shaƙi iskarsa su ƙara mai, wanda ya tsaya kuwa ya ce sai ya biya kuɗin kujerun baya duka, tunda babu fasinjan da zai yarda ya zauna kusa da shi. Ya ƙarasa a ƙafa, ya juye sauran turarensa a ƙofar ofis, abin da ya haifar da wani sabon ƙamshi da masinja ya ce bai taɓa jin irinsa ba tun da ya fara aiki.

Abin da nazarin wannan lamari yake nunawa shi ne, farashin tafiya ba ya ƙarewa a abin da aka rubuta a tikiti, kuma hanyoyin wannan yanki, na ƙarfe da na kwalta, an tsara su ne bisa buƙatar kaya da dabbobi, ta yadda saniyar da ta taso daga Gashuwa ta fi ma'aikaci tabbacin isa Potiskum a ranar da ake jiranta. Shugaban ofishin, wanda haifaffen garin ne, ya ba akawun takardar tuhuma, wato wasiƙar da ake neman ma'aikaci ya kare kansa a rubuce, shi kuma ya amsa da gaskiyarsa cewa jirgin ƙasa ya biyo. Shugaban ya karanta amsar, ya kira sauran ma'aikata ya tambaye su ko akwai wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa a Potiskum, kowa ya girgiza kai. A kan haka aka yafe masa lattin, aka rubuta masa gargaɗi a fayil saboda yi wa na gaba da shi ƙarya.