Yadda Ake Koya Wa Yara Rufa-Ido da Alli, In Rula Ta Samu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo a Tamale cikin watan Maris, zufa na bin wuyansa, ba sai na ce masa ya tanadi takarda da fensir ba. Makon jiya na koya wa 'yan ajina a Nyanshegu zanen da ke yaudarar ido, har yanzu muryata ba ta dawo ba. Ga abin da na tsira da shi.

Na ɗaya, kada kalmar "rufa-ido" ta fito daga bakinka. Da ta fito, aji ya ɗauka takarda za a mayar sidi goma. Wata yarinya ta kai labari gida, washegari sai ga kakanta bisa keke: "Malam, me nake ji ana koya wa jikata?" Na ba shi kujera, na ja layi biyu tsawo ɗaya, na sa wa ɗaya kan kibiya a kowane baki, ɗayan kuma na juya masa kibiyoyin suka buɗe waje. Zanen wani Bajamushe ne, Müller-Lyer, tun 1889. Na ce, "Baba, wanne ya fi tsawo?" Ya nuna mai buɗaɗɗen baki. Na aza rula. Ya yi shiru, can ya ce rular ce ba ta da gaskiya.

Na biyu, rula. Nan fa zancen yake. Duk sirrin aikin shi ne layukan su yi daidai wa daida, ido ya rantse ba haka ba ne. In yaro ya ja ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba a yaudari kowa ba, karkataccen layi kawai aka samu. To ina rular? Wata an yi takobi da ita lokacin tara, wata an tauna bakinta, wata daga lamba 3 take farawa don kanta ya karye. Mai lafiyayya guda ya zama sarki, sai an roƙe shi. Saura kuwa da gefen littafi suke ja, wani har da tsinken tsintsiya. Iyaye, don girman Allah, rula ba abin ado ba ce! Yaron da bai taɓa auna abu da hannunsa ba, ta yaya zai yarda cewa ido na kuskure?

Na uku, zanen Ponzo, mutumin Italiya: layi biyu masu matsewa can nesa, da sanda biyu a gicciye, ta sama ta zama kamar ta fi girma. Littattafai da titin jirgin ƙasa suke misali, alhali dogo bai taɓa zuwa arewacin Gana ba. Ka ce musu hanyar Bolgatanga ce, yadda take tsukewa a idon mai kallo. Nan take suka gane, sai dai za ka sha zanen babura.

Na huɗu akwatin Necker ne na 1832, mai juyawa in ka ƙura masa ido. A bar shi. Rabin aji zai ce ya gani, rabi ya ce ƙarya ne, a tashi da faɗa.

Wani abu kuma, na nawa ne ma? A 1966 wasu masana uku na Amurka, Segall da Campbell da Herskovits, suka wallafa cewa layukan kibiyar nan sun fi cin Amurkawa fiye da al'ummomin Afirka da dama da aka gwada. Suka danganta haka da tashi cikin gine-gine masu kusurwa, ana kuma musun dalilin har gobe. Ka faɗa wa yaran da kakanninsu ke kwana a zagayayyun ɗakunan Dagomba masu jinka, ka ga yadda suke gyara zama. Don wannan kallon nake son darasin, duk da wahalarsa.

Ranar Alhamis kakan yarinyar nan ya dawo da tef na wani tela mai ɗinkin batakari. Ya auna sau uku, ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ara mini takardar nan, akwai waɗanda zan kama da ita a ƙofar masallaci."