Wa Ya Rasu a Yankari?

Ka gwada wannan da kanka. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka tsaya a majalisar unguwa ka ce, "Gobe in Allah ya kai mu zan tafi Bauchi." Kafin ka rufe baki wani zai ce, "Lafiya dai?" Ka ce lafiya ƙalau. "Ɗaurin aure ne?" A'a. "Rasuwa aka yi?" A'a. "To kaya za ka saro?" Sai ka ce Yankari za ka, kallon giwaye. Nan majalisa za ta yi tsit. Can sai dattijon cikinsu ya gyara zama ya ce, "Allah ya kyauta," irin wadda ake yi wa mutumin da aka ga ya fara magana shi kaɗai a bakin titi.

Ba wai Bahaushe yana tsoron hanya ba ne. Kakanninmu sun kora jakuna har Gwanja don goro, wasu sun taka da ƙafa ta Sudan zuwa Makka, suka shekara bakwai kafin su dawo, wasu ma suna can har yau da jikokinsu. Amma kowace tafiya tana da abin da za ta haifa: riba, ko lada, ko zumunci. Tafiyar da ido kaɗai zai ci moriyarta, sunanta gantali. Ita kanta kalmar "yawon buɗe ido" ban taɓa jin ta a bakin mai shayi ba. A rediyo nake jin ta, ranar da kwamishina ya sa babbar riga yana cewa za a farfaɗo da ita.

Kuma ko ka so gantalin, ina ranar? Asabar ɗin Bakano jingina ce tun kafin ta zo. Ɗaurin aure uku, a masallatai uku, duk ƙarfe goma sha ɗaya, kuma kowane ango zai ƙirga wanda bai zo ba. Lahadi akwai suna da safe, sadakar bakwai da hantsi, taron dangi bayan la'asar inda za a sake tattauna gidan gadon da ake tattaunawa tun ina saurayi. Uwargida kuwa jadawalinta ya fi na gwamna cika: kamu, yini, dina, kowanne da ankonsa.

Ina cikin wannan zaman lafiya sai ga ɗan yayana daga Ingila. Can aka haife shi, Hausarsa kamar an jiƙa ta an shanya ba ta bushe ba. Ya zo da jerin wurare a wayarsa, ya ce, "Baffa, ka kai ni Dala."

Na ce, "Wurin wa?"

Ya ce dutsen. Hawa zai yi.

A nan asirina ya tonu. Ni da aka yanke wa cibiya inda ake hango Dala daga tsakar gida, na haura shekara arba'in ina kwatance da shi, "ka bi ta bayan Dala ka yi dama," amma ƙafata ba ta taɓa taka matakalarsa ba. Na tambayi majalisa a asirce. Cikin mutum tara, ɗaya ne ya taɓa hawa, shi ma yana yaro, kuma gudun bulalar malam ne ya kai shi. Muna yi wa garinmu kirari da tumbin giwa, alhali yawancinmu ko wutsiyar giwa ba mu taɓa gani ba sai a kwalin magani.

Matakala ɗari da ɗaya ce. A ta arba'in na tsaya na ce ina nazarin tarihi ne, gwiwoyina kuwa suna karanta wasiyya. Yaron yana gaba yana ba ni labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda mutanen farko suka zauna a gindin dutsen suna narka tama, duk daga wayarsa, ni kuma ina gyaɗa kai kamar wanda aka yi abin a gabansa. Almajirai biyu suka wuce mu a guje, suka kai ƙoli, suka sauko, suka sake wuce mu, ɗaya ya ce, "Sannu Baba." Da muka isa sama sai ga birni shimfiɗe kamar tabarma, ga Goron Dutse can, ga koren tulluwar masallacin cikin gari. Yaro ya yi shiru yana kallo, idonsa har da ƙwalla. Ni ma na samu abin da na samu: na hango rufin gidana, na gano daidai inda yake yi mana yoyo tun damina biyu da suka wuce.

Washegari muka nufi karofin Ƙofar Mata. Wurin nan ina wuce shi kusan kullum in zan bi ta wajen asibitin Murtala, kuma abin da na sani game da shi bai wuce cunkoson 'yan adaidaita da ke ƙofarsa ba. Ashe tun 1498 ake rini a nan, shekara ɗari biyar da ɗoriya, a ramukan da ake zuba ruwa da toka da baba a bar su su yi makonni suna nuna. Na tsaya ina kallon wani dattijo yana tsoma ƙyalle yana ɗagawa. In ya fito sai ka gan shi kore-kore, iska na bugunsa sai ya rikiɗe shuɗi a gabanka. A gefe mabuga suna ta luguden tufa har ta ɗauki walƙiya, irin wadda Buzaye ke naɗawa ta bar musu shuni a fuska. Ramuka da yawa sun bushe, wasu sun zama kwandon shara, kuma ba Bature ne ya zo daga Jamus ya zuba ledar ruwa a ciki ba.

Dattijon ya dube ni ya dubi yaron, ya ce, "Alhaji, kai ne direbansa ko tafinta?"

Na ce ni ɗan gari ne, kallo na zo.

Ya ajiye ƙyallen ya ƙare mini kallo. "Ɗan gari? To lafiya dai?"

Kun ji. Har shi.

Amma inda aka yi ta ita ce kasuwar Kurmi. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wato ƙarni na 15, kuma lungunanta ba su ƙara faɗi ba tun lokacin. In mai baro ya taho sai ka zaɓi tsakanin haƙarƙarinka da kayan mutane. Tun daga mota na ja wa yaron kunne: kada ka yi magana, kada ka yi murmushi, in abu ya burge ka ka ɓata fuska kamar ka ga mai bin ka bashi. Ya ce ya gane. Muka ratsa 'yan sirdi da linzami, muka wuce masu ƙwarya da faifai da takubba, ɗan kamasho yana biye da mu yana rantsuwa cewa shagon wansa ne kaɗai ke da na gaske. Muna isa wurin dukawa yaro ya ɗaga wata jakar fata ja, ya shinshina, ya saki wata ƙara da Turanci. Na ga idon mai shago ya yi haske kamar an kawo wuta. A cikin daƙiƙa ɗaya jaka ta tashi daga farashin Kano ta koma na Landan.

Na tuɓe hula na shiga fagen da na gada. Ya faɗi kuɗi, na yi salati. Na taya kashi ɗaya cikin huɗu, ya ce albarka. Na ce ɗinkin ya karkace. Na ce fatar ta tinkiya ce mai ciwo. Na juya na tafi sau uku, sau uku yana kira na, "Dawo mana Alhaji, ai ba faɗa ba ne." Mun kusa daidaitawa ke nan sai na waiwaya na ga ɗan yayana ya riga ya tura kuɗin farko cif ta waya, har da ƙari, wai aikin hannu ne, kwana biyar aka yi ana yi. Mai shago ya bi shi da addu'a har bakin titi. Ni ko kallo ban samu ba.

A hanyar gida na yi ta faɗa, amma can cikin raina wani abu yana cizo na. Ni ɗin nan da na kusa sa baduku kuka a kan ladan guminsa, in na shiga katafaren kantin zamani mai sanyi, jakar roba da aka yi a Sin nake ɗauka, in biya abin da aka liƙa mata ba tari, har in ce wa yarinyar kanta na gode. Jar fatar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi kuwa ta daɗe tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma, ta isa Turai a sa mata sunan Maroko. Mu a wurinmu sai ta je ta yi aikin hajji ta dawo da lakabin waje kafin mu yarda ta isa a rataya.

A Gidan Makama, gidan tarihi, ba mu daɗe ba. Ni dai rabona da shi tun muna aji biyar aka jera mu biyu-biyu, kuma a wannan karon ma 'yan firamare muka tarar, da wata Baturiya mai littafi.

Kada a ce ba ma fita ko kaɗan. Muna fita, da Sallah. Ranar ne gidan zu ke cika har namun dajin su ne ke kallon mutane. Wani lokaci kuma a yi gayya a tafi Tiga, dam ɗin da Audu Baƙo ya gina aka gama a 1974. Na taɓa bin irin wannan tawaga. An tafi da kula shida, da tabarmi, da lasifika. Muna isa aka shimfiɗa, kowa ya juya wa ruwan baya, aka buɗe shinkafa. Ruwan bai samu kulawa ba sai lokacin hoto, shi ma a matsayin bango. Kowa ya tsaya ya sa hannu a aljihu yana hangen nesa kamar mai tunanin makomar ƙasa, aka ɗora a Facebook, aka kwashe kuloli, aka bar wa dam ɗin ƙasusuwan kaji da leda tukwici.

To yanzu saura abu ɗaya a jerin yaron: Yankari. Ya karanta mini cewa tun 1956 aka keɓe dajin, akwai giwaye da ɓauna da gwanki, akwai maɓuɓɓugar Wikki da ruwanta ke nan da ɗuminsa, digiri 31, rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Akwai kuma gwaggon birin da in ka bar tagar ɗaki a buɗe zai shigo ya duba maka jaka. Na kai wa uwargida maganar. Ta ce, "Malam, ruwan ɗumi za ka ƙona mai ka je nema har Bauchi? Ga butar lantarki nan. Biri mai sata kuwa, ka bar kuɗi a aljihun rigarka ka ga ko 'ya'yanka ba za su nuna maka ba."

Duk da haka na sa rana. Abin da ya rage shi ne majalisa, don mota ba ta fita daga layinmu da asuba ba tare da bayani ba. Da aka tambaye ni sai na ji bakina ya ce, "Ta'aziyya za mu, wajen Alƙaleri." Nan take fuskoki suka saki. Aka yi salati, aka yi wa mamacin addu'a, aka ce Allah ya ba ni ladan zumunci, wani har ya ce dama ya san ni ba na wasa da dangi. Ban taɓa samun daraja irin ta wannan yammacin ba.

Bayan isha'i aka yi sallama a ƙofar gida. Maƙwabcina ne, Alhajin da ba ya bari jana'iza ta wuce shi. Ya ce ya ji abin da ya faru, kuma ba zai bar ni in yi wannan doguwar tafiya ni kaɗai ba, shi da liman za su raka ni a samu ladan tare. Har ya sayi buhun gero na gaisuwa.

Saboda haka ina cigiya. Duk wanda ya san gidan da aka yi rasuwa a Alƙaleri ko kewaye cikin makon nan, ya taimaka ya sanar da ni kafin Asabar. In da hali, gidan ya kasance kusa da ƙofar dajin.